Takalmin da Ya Daina Yi Masa Yawa

Baba Ƙarami, ƙanin mahaifina, mai gyaran takalma ne. Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani bene da ke kallon ƙofar babban asibiti. Wurin ba ya ɗaukar fiye da benci ɗaya, da akwatin kayan aiki, da mutum mai haƙuri. Tun ina ƙarami nake zama a gefen bencin nan, cikin warin gam da fata, ina sauraronsa. Ba ya kallon fuskar masu wucewa, ƙafa yake kallo. Yakan ce fuska ta iya ƙarya, dunduniyar takalmi kuwa ba wanda ya koya mata.

Likitoci da nas-nas ɗin da ke kawo masa gyara duk ya raɗa musu suna daga abin da ke ƙafarsu. Akwai Ƙwas-ƙwas, akwai Mai Cin Gefe, akwai wani babban likita da yake kira Ba Ya Ɗaure Igiya. In mutum ya ba da baya, sai ya miƙe ya kwaikwayi tafiyarsa, mai sayar da lemo na gefensa ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Ya taɓa aure, suka rabu lafiya ba haihuwa, ya dawo ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu ya zauna. Umma, mahaifiyata, takan ce matar ta gudu ne saboda ya kwaikwayi tafiyar uwarta. Shi kuma sai ya ce, "Ai ban ma ƙarasa ba. Rabi na yi."

Mahaifina, wanda muke kira Baba, direban bas ne. Muryarsa kan riga shi shiga gida. Shekarar da ƙafafunsa suka fara kumbura, bai je asibiti ba, wurin ƙaninsa ya je da takalminsa, wani baƙin sau-ciki da yake tuƙi da shi. Baba Ƙarami ya jiƙa fatar, ya cusa ƙafar katako, ya bar shi ya kwana, takalmin ya buɗe. Bayan wani lokaci ya sake dawo da shi. Daga baya sai da aka tsaga gefe da gefe aka ɗinka roba mai miƙewa. Da Baba ya yarda ya tsallaka titi ya shiga asibitin, aka ce ƙoda ce, kuma ta daɗe tana lalacewa.

Baba Ƙarami ne ke raka shi ganin likita, tunda rumfarsa na nan kusa. Abin da ya gani a waɗannan ɗakuna shi ne ya bi shi har yau. Mutumin da ke tsawata wa fasinjoji cike da mota, da ya zauna gaban likita sai ya zama kamar an zare masa harshe. Likitocin ba mugaye ba ne. Layi ne a waje har kan matakala. Sukan yi masa bayani da sauri, gishiri, ruwa, ƙwayoyi, sakamakon gwaji, shi kuma ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi ya ce, "To, likita." Ko me aka faɗa, "To, likita." Sai ya tashi ya ja ƙafa zuwa ƙofa, ya kama mariƙin ƙofar, ya tsaya. Ba ya juyowa, ba ya fita. Lokacin kuwa kan likita ya riga ya sauka kan katin mutum na gaba. Can sai Baba ya murɗa ya fita.

"Yaya, akwai abin da za ka ce ne?" Baba Ƙarami kan tambaye shi a baranda.

"Ba komai. Mu je."

Haka aka yi ta yi har aka kai ga wankin ƙoda, a wata kujera kusa da taga, injin na gurnani a gefensa, jininsa na fita ta wani siririn bututu yana dawowa ta wani. Ya rasu wata safiya ana ruwan sama. Abin da yake tsayawa faɗa a bakin ƙofa ya tafi da shi.

Bayan rasuwar, Baba Ƙarami ya ci gaba da barkwancinsa, amma kamar mai biyan aikin da aka ɗora masa. Wata rana babbar nas ta ɗakin wankin ƙoda, wadda kowa ke kira Sista, ta kawo masa takalmi. Ta juya za ta tafi, ta waiwayo, ta kama shi yana kwaikwayon tafiyarta.

"Sake in gani," in ji ta.

Ya sake, kansa a ƙasa.

"Ka iya mara lafiya?"

"Wane iri, ranki ya daɗe? Akwai mai raki, akwai mai ƙaryar ya warke."

"Irin yayanka."

Ya ce mini basillar da ke hannunsa ta yi masa nauyi a lokacin. Sista ta zauna a kan bencin ta yi masa bayani. Asibitin ya fara koya wa sababbin likitoci da nas-nas yadda ake magana da masu ciwon ƙoda. Ciwon na shekaru ne, kuma yawancin maganinsa ba a asibiti yake ba, yana cikin tukunyar gida da kwalbar ƙwaya da zuciyar mai ciwon. In bai gane ba, ko ya gane bai yarda ba, duk abin da aka rubuta masa aikin banza ne. Ba za a koyi wannan a kan marasa lafiya na gaskiya ba, don haka suna neman mai lafiya da zai zauna a kujera ya zama mara lafiya, ɗalibai su gwada a kansa.

"Na ga yadda kake kallonmu lokacin da kake raka shi," ta ce. "Kana da abin da za ka nuna mana."

Da yamma ya roƙi Umma takalmin Baba. Ta dube shi ta ce, "Me za ka yi da shi, kai da ƙafarka kamar ta kaza?"

"Kaza ma in ta samu soso ai ta zama agwagwa."

Ta shiga ta ɗauko masa, ba ta yi dariya ba. Ya yanka soso ya cika takalmin ta gaba da ta gefe, ya yanka wani ya naɗe idon sawunsa, ya ja safa a kai. In ka gani sai ka rantse kumburi ne.

Da farko labari kawai nake ji a bakinsa, don ina shagon gyaran fanka da firji inda nake aiki. Daga baya Sista ta ce tana so ɗaliban su koyi magana da iyalin mara lafiya ma, a zo da wanda zai zama ɗa. Baba Ƙarami ya ce mini, "Ba abin da za ka yi. Ka zauna ka yi fuskar nan taka da ka saba."

Ɗakin koyarwar yana saman bene a cikin asibitin, da alama a da wurin ajiyar kaya ne. Teburi ɗaya, kujeru, ma'aunin nauyi a lungu, da benci a jikin bango inda sauran ɗalibai ke zama suna kallo. Fankar sama na da wani ƙas-ƙas da na san abin da ke damunta amma ba wanda ya tambaye ni. Sista na zaune da ƙaramar ƙararrawa a cinya. Aka zaunar da ni a gefen teburin. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka buɗe, sai mahaifina ya shigo.

Ban san yadda zan faɗe shi ba in ba haka ba. Jikin na Baba Ƙarami ne, siriri, gajere. Amma jan ƙafar hagun, da yadda ya dafa teburi kafin ya zauna, da numfashin da ya sauke, da haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, duk na Baba ne. Ya ɗan yi gyaran murya irin wadda ban ji ba tun ranar ruwan nan. Matashin likitan da ke gabanmu ya yi ta bayani, aka ce masa, "To, likita." Ni kuwa na kafa ido a kan ma'aunin nauyi har aka gama, don kada in ga fuskar. Sai na ji takun ya nufi ƙofa, na ji an kama mariƙi, na ji shiru. Likitan yana rubutu. Aka murɗa, aka fita. Sista ta kaɗa ƙararrawa.

Yana dawowa ya zauna a ƙasa, ya cire takalmin, ya warware soson, ya zura silifas ɗinsa. Nan take Baba Ƙarami ya dawo, har da kafaɗun da murmushin. Ka'idarsa ke nan: takalmi a ƙafa, shi yayansa ne mai mota, takalmi a hannu, shi ne shi.

"Kai Mai Cin Gefe," ya ce wa likitan, "ka ce in rage gishiri. Ka tambaye ni wa ke dafa mini abinci? Ni ko inda tukunya take ban sani ba. Ga ɗana nan zaune kamar buhu, ba ka ce masa ko sannu ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da likitan. Sista ta bari suka lafa, sannan ta ɗora nata. A zauna daidai da mara lafiya, kada a tsaya masa a ka. A tambaye shi abin da ya riga ya sani kafin a fara zuba. A tambayi ƙwayoyin ciwon jiki da yake saya da kansa a kanti. Kada a karɓi "to", a ce ya maimaita da bakinsa abin da ya gane. In an yi tambaya a yi shiru, a bar shirun ya yi aikinsa. Sannan ta nuna ƙofa.

"Wa ya ga ya tsaya?"

Mutum biyu-uku a kan benci suka ɗaga hannu.

"Daga benci kowa na gani," ta ce. "Daga wannan kujerar ake so a gani."

In ɗalibi ya ɗago kai a lokacin tsayuwar nan, Baba Ƙarami kan juyo ya yi masa tambaya. Na lura tambayar ba ɗaya ba ce. Yau ya ce, "Likita, zan iya ci gaba da tuƙi?" Wani zuwan ya ce, "In aka fara wankin nan, ana dainawa?" Wata rana ya ce, "Me zan gaya wa matata?" Na tambaye shi a hanya me ya sa yake canzawa.

"Gwadawa nake," ya ce. "Kamar mai tarin makullai. Ina sa ran ranar da na faɗi ta gaskiyar, zan ji ta shiga."

"Ta shiga?"

"Tukuna."

Cikin ɗaliban akwai wata siririyar likita mai tsohon farin kambas, ya sa mata Mai Kambas. Ranar farkonta ta yi magana kamar ana korarta, ba ta ɗago ba har ya fita. Da muka sauko muka tarar da ita zaune a matakala.

"Baba, na ɓata, ko?"

"Kin san abin, 'yata. Gudu ne ya yi miki yawa."

"Shirun ne ke ba ni tsoro. In na yi shiru sai in ga kamar ban iya komai ba."

"Mu ma tsoro yake ba mu," ya ce. "Sai a zauna a ji shi tare. Ki kawo kambas ɗin nan in liƙe miki, yana dariya ta gaba."

An yi watanni a haka. Umma ce ta fara ganin abin da ban gani ba. Wata safiya tana zuba shayi, sai muka ji taku daga bakin ƙofa, ana jan ƙafar hagu. Kofin ya suɓuce mata. Baba Ƙarami ya leƙo da sallama, takalmin Baba a ƙafarsa, alhali ranar ba ranar asibiti ba ce.

"Cire," in ji Umma. Muryarta ba ta tashi ba. "Ba a cikin gidan nan ba."

"Silifas ɗina ne ya tsinke."

"Mai gyaran takalma guda?"

"Ai kin san wanzami ba ya son jarfa."

Ya yi dariya shi kaɗai ya fita. Daga ranar na fara lura. A asibiti in an kaɗa ƙararrawa ya daina zama a ƙasa. Sai ya tsaya da takalmin a ƙafa ya yi wa ɗalibai barkwancinsa, kuma barkwancin ya rage gishiri, muryar na fitowa rabi tasa rabi ta Baba. Da shi yake komawa rumfa, da shi yake dawowa gida. Yana dafa bango kafin ya hau matakala, ba kuma ɗalibi ko ɗaya da ke kallo. Fuskarsa kan tashi da safe a cike, ta saɓe da rana. A banɗakin da muke haɗawa na fara ganin kumfar fitsari da ba ta bajewa, irin wadda na riƙa gani a shekarar Baba ta ƙarshe, ban san ma'anarta ba a lokacin.

Wata ranar hutu na je rumfar na tarar yana gyara takalmin wata yarinya da ya yi mata yawa. Ya jawo soso daga akwati zai cika mata. Na gane soson. Yana da lanƙwasar idon sawu, da sawun safa a jikinsa. Na dubi ƙafarsa. Takalmin Baba ya cika taf, robar gefen ta miƙe har ta yi fari.

Na jira yarinyar ta tafi.

"Baba Ƙarami, ina soson da kake sawa?"

"Ga shi ya samu aiki."

"To me ke cikin takalmin?"

"Ƙafa, ɗana. Me ake sawa a takalmi?"

Ya shafa gam a tafin wani takalmi, ya hura, ya ajiye shi ya sha iska. Can na ce asibiti ga shi nan a tsallake, Sista ta san shi, ba ma sai ya bi layi ba. Ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyinsa ya ce, "To."

Na ce, "Ni kake ce wa to?"

Sai ya dube ni da idonsa na gaskiya. "Na zauna kusa da injin nan har na haddace kukansa. Na san kujerar, na san tagar, na san bishiyar da ake gani ta tagar. Na ga inda hanyar take ƙarewa. Ka bar ni in taka a hankali, ba sai an nuna mini allo ba." Ya ɗauki guduma. "Kuma in ka kai wa Sista magana, na bar hawa benen asibitin, na bar tsallaka titin nan. Ka san ni."

Na san shi. Umma ta gwada nata da yamma, ta ajiye masa abinci ta tsaya a kansa. "In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, me aka ce ka yi?"

"Ni ai aske nawa nake yi."

"Na binne ɗaya da wannan takalmin a bakin ƙofa. Ba zan iya na biyu ba."

"To," ya ce. Ta juya ta shiga ɗaki, na ji ta rufe ƙofa a hankali.

Saboda haka na ci gaba da raka shi, ina zama a gefen teburi a matsayin ɗan mara lafiya, bakina a ɗaure. Kowane zuwa ina kallon likitoci suna koyon yadda ake gano mai ɓoye ciwo, a kan mutumin da ke ɓoye nasa a gabansu. Suna yaba masa. Wani ya ce, "Baba, yau ka fi kullum iyawa, har haki kake yi." Ya ce, "Ai gwani ba ya tsufa." Sista ma, da ke zaune can baya da ƙararrawarta, na ga tana ɗan tsura masa ido, amma ta saba ganinsa da kumburin ƙarya, kuma ya iya kauce mata a matakala.

Ranar da aka sake zagayowa kan Mai Kambas, gari ya yi lumshi. Ta jawo kujerarta daga bayan teburi ta zauna kusa da shi. Ta gaishe shi, ta gaishe ni. Ta tambaye shi me aka taɓa gaya masa game da ciwon, ta jira. Ta tambayi wa ke girki a gida. Da ya ce, "To, likita," ta ce, "Baba, in ka koma gida matarka ta tambaye ka me likita ta ce, me za ka gaya mata?" Na ga Sista ta gyaɗa kai.

Sai ta ce, "Bari in ga ƙafar." Sauran ɗalibai kan taɓa saman safa ne kawai don cika ka'ida, tunda kowa ya san soso ne. Ita ma haka ta fara. Ta durƙusa, ta danna da babban yatsa. Ba ta ɗago da wuri ba. Daga inda nake na ga ta ɗan ja bakin safar ƙasa, ta sake dannawa, ta cire yatsan. Ramin da ya bari bai ciko ba.

Ta mayar da safar yadda take. Ta koma kujerarta ba ta dubi benci ba, ba ta dubi Sista ba. Ta ƙarasa bayaninta kamar yadda aka koya mata, sai dai muryarta ta yi ƙasa. Ya ce, "To, likita," ya dafa teburi ya tashi, ya ja ƙafa zuwa ƙofa, ya kama mariƙin, ya tsaya.

Alƙalaminta yana ajiye tun tuni.

"Baba, akwai abin da ya rage?"

Ya juyo rabi. "Likita, zan iya ci gaba da tuƙi?"

Ta ba shi amsa a natse. Ya ce to. A nan ake gamawa kullum. Amma ba ta ɗauki alƙalamin ba. Ta tashi ta taka har bakin ƙofar, ta tsaya kusa da shi ta yadda bayanta ya kare shi daga masu kallo. Na tashi na bi ta, ban san lokacin da na tashi ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, mu uku kaɗai muka ji.

"Wannan tambayar mai mota ce, na amsa masa. Saura mai gyaran takalma."

"Yana rumfa, 'yata. Sai an tashi."

"Baba, soso ba ya da ɗumi."

Ya yi 'yar dariya. "Sabon samfuri ne."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ƙara komai ba. Ta tsaya kawai. Fanka na ƙas-ƙas a sama. Wani a kan benci ya motsa, na hango Sista ta ɗaga masa hannu, ƙararrawar na kife a cinyarta. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar in buɗe ƙofar da kaina kowa ya huta. Hannunsa na kan mariƙin. Na ga ya fara murɗawa, mariƙin ya sauka rabi, ya tsaya a nan.

"Takalmin ya matse ni," ya ce. Muryar tasa ce, ba ta kowa ba. "Tun jiya ban iya cire shi ba. Da shi na kwana."

"To zo mu zauna a cire shi a hankali."

Sista ta miƙe ta ce wa ɗalibai an tashi, su bi ta ƙofar baya. Suka fita ba hayaniya. Na durƙusa na kama dunduniyar takalmin mahaifina, na yi ta lallaɓa shi, bai fita ba sai da Sista ta kawo almakashi aka yanke robar da shi da kansa ya ɗinka. Yana kallon bango yana cewa, "Ta gefen ɗinkin za ki bi, kada ki ɓata fatar."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba," in ji Sista. Idonta ya yi ja. "A gabana, wata da watanni."

"Aikin da kika ba ni ke nan, ranki ya daɗe. Na iya ne."

Mai Kambas ta tambaye shi me ya fi ba shi tsoro. Ya ce kujerar nan ta kusa da taga. Ba ta ce masa ba zai kai can ba. Ta ce ba ta sani ba, shi ma bai sani ba, sai an gwada jini da fitsari an ga inda ƙodar take. Ta ce yayansa ya zo ne bayan an faɗaɗa takalmi har an tsaga shi, kuma ba kowa ke bin hanyar da sauri ɗaya ba. Akwai abin da ake yi don a rage mata gudu, amma da shi za a yi, ba a bayansa ba.

"To, likita."

"Ban karɓa ba. A kanka aka koya mana kada mu karɓa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya sauke numfashi. "Kin ce a gwada kafin a yi kuka. Kin ce ni ba Yaya ba ne."

"Na biyun kai ka faɗa," ta ce. "Amma na yarda."

Sakamakon bai zo da daɗi ba, bai kuma zo da abin da yake tsoro ba. Ƙodar ta taɓu sosai, jininsa ya daɗe da hawa, amma ba a kai ga wanki ba, kuma likitocin sun ce in an kiyaye za a iya jinkirta shi, ba su yi alkawarin har yaushe ba. Yanzu Umma ke riƙe da ƙwayoyinsa, ta kuma ɓoye gishiri a inda ni ma ban sani ba. Yana cewa abincinta ya zama kamar nasiha, ana ci ne don amfani. Ni ma sun ɗebi jinina, sun ce in riƙa zuwa ana dubawa, tunda abin ya nuna a gida sau biyu. Ina zuwa.

Har yanzu yana hawa benen, a hankali, da silifas ɗinsa. Ya daina jan ƙafar hagu. Sista ta ce wa sababbin ɗalibai wannan ba kwaikwayo yake ba, su yi hankali da shi, shi kuma ya ce su yi hankali da takalmansu. Takalmin Baba yana ƙarƙashin benci a rumfa, robar a yanke, bai ɗinke ba, bai kuma mayar wa Umma ba. Wani lokaci in ya sunkuya ɗaukar gam nakan ga hannunsa ya taɓa shi ya wuce.

Kwanan baya ina zaune a gefen bencin na tambaye shi ko ya samu makullin da ya shiga, ko ya gano abin da Baba yake son tambaya. Ya daɗe yana jan zare.

"Na tsaya a wurin da ƙafata, ba da soso ba," ya ce. "Na laluba, ban tarar da tambaya ko ɗaya ba. Ina jin jira kawai yake a ce masa, dawo ka zauna."

Ya ciji zaren ya tsinke shi. A tsallaken titi mutane na shiga ƙofar asibiti suna fita, shi kuma ya koma kallon ƙafafunsu.